Tankin kifin falo: inda aikin filta ya kwana

5 ga Oktoba, 2024

To jama'a tanki dai ya iso gida. Tsawo santimita 180, faɗi 60, tsayi 60, gilashi mai kaurin milimita 12, in ka buga lissafi lita 648 kenan in an cika shi har baki wanda ba mai yin haka. Ƙarti huɗu suka shigo da shi falo suna nishi kuma ba ɗigon ruwa a ciki fa. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, ka haɗa da gilashin da yashi da duwatsu da tankin ƙasa (ƙaramin tankin tace ruwa da zai zauna ƙarƙashin tebur), magana ta kusa tan guda, shi ya sa ban ko saurari kafinta ba, mai walda na sa ya yi min tebur na ƙarfe mai kauri, aka shimfiɗa katako a kai sannan farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij saboda kada wani ɗan tsakuwa ya tokare gilashin ta ƙasa.

Kifin da nake son sakawa namu ne na gida, gartsa da ƙurungu. Abin dariya a Turai da Amurka kuɗi ake zubawa a sayi gartsa don kallo kawai, mu nan a faranti ake jera shi a kasuwar kifi. Matsalar su biyun duk suna cin nama, kuma kifin da ke cin nama ƙazantarsa ba wasa ba, don haka filta ita ce aikin, gilashi ado ne kawai.

Na daɗe ina juya maganar ko in sayi irin filtar nan mai kama da bokiti rufaffe da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur, ko in yi tankin ƙasa. Wuta ce ta raba gardama. Abin da ke tace ruwan kifi na gaskiya bakteriya ne masu rai da ke manne jikin soso, suna buƙatar iskar oksijin ba dare ba rana. Rufaffiyar filta in an ɗauke wuta ruwa ya tsaya a ciki, cikin 'yan awanni iskar ta ƙare su fara mutuwa, in an kawo wuta kuma ta kwaso wannan ruɓaɓɓen ruwan ta watsa wa kifi. Wanda ke ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa ba ruwansa da wannan tunanin. Ni kam tankin ƙasa zan yi, a buɗe yake, ko ba komai zan iya jefa masa dutsen iska.

13 ga Oktoba

Jiya Kofar Ruwa na wuni wajen kayan fayif. Yau falamba ya zo, ya tsaya ya kalli ramuka ukun da mai gilashi ya huda a kusurwar tankin ya kalle ni ya ce “Yallaɓai wai duk wannan fayif ɗin don kifi ne? Yaushe za a fara ci?” Na ce Malam ba na ci ba ne na kallo ne. Bai ce komai ba amma fuskarsa ta faɗa.

Ramukan tun a shago aka huda kafin a haɗa tankin, da bakin dirila na musamman mai ɓarɓashin daimon, ana zuba ruwa a hankali ba a dannawa. Duk mai son yi ya tabbatar gilashinsa ba irin gasasshen nan ba ne da ke rugurgujewa, shi ba ya huduwa, taɓa shi da dirila ya zama tsakuwa.

Tsarin shi ne fayif biyu na sauka, ɗaya na hawa. Na farko inci ɗaya, bakinsa a nutse cikin ruwa, da bawul a ƙasa da za ka riƙa murɗawa har ka daidaita abin da ke sauka da abin da injin ke turowa. Na biyu ya fi shi faɗi ya fi shi tsayi, shi zaman jira kawai yake, ranar da ganye ko mushen kifi ya toshe na farko shi zai karɓi ruwan. Falamba ya ce ɓarnar kuɗi ce fayif ɗin da ruwa ba ya bi, na ce a bar shi haka nan. Na kuma dage a sa yuniyon kusa da inji da kusa da bawul don in tashi wanki in kwance da hannu ba sai an yanka fayif ba.

Tankin ƙasa 120 da 45 da 40. Na raba shi ɗaki uku da yankakken gilashi. Ɗakin farko inda ruwa ke faɗowa auduga ce a sama sai soso mai manyan ƙofofi, su ke kama kashi da ragowar abinci. Na tsakiya gidan bakteriya, na ƙarshe na ɗan ƙaramin sumo mai mayar da ruwa sama. Silikon kuma a kula, wanda aka rubuta na banɗaki da kicin akwai maganin fumfuna a ciki, yana kashe kifi. Zallan za ka nema, mai warin binega.

Abin da zan cika ɗakin tsakiya da shi, 'yan zobban tangaran da ake kawowa daga Legas sun yi tsada in dai cika ɗakin za a yi, kilo kaɗan na saya, sauran na cike da soson wanke tukunya na roba, irin dunƙulallen nan masu launi-launi, ba na ƙarfe ba kuma ba mai sabulu ba. Bakteriya ba ruwansa da farashi, wurin mannewa yake nema da ruwa mai wucewa. Mai shagon da na kwashe masa duka buhun ya ɗauka gidan abinci zan buɗe.

19 ga Oktoba

Silikon ya bushe, an cika ruwa, ba yoyo ko ɗigo alhamdulillah. Yau gwajin ɗauke wuta na yi kuma wlh duk mai tankin ƙasa in bai yi wannan gwajin ba kafet ɗinsa zai yi masa.

Ga lissafin. Saman tankina 180 sau 60, wato duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 10.8 ce ta gangara ƙasa. In inji ya tsaya ruwan sama zai ci gaba da sauka har ya kai bakin magudana, sannan shi kansa fayif ɗin hawa sai ya juya ya fara zuƙo ruwa baya, in bakinsa ya nutse santimita 10 to sama da lita 100 zai janyo, tankin ƙasa ba zai ɗauka ba, falo ne zai ɗauka. Maganinsa ɗan rami ne ƙarami na huda a jikin fayif ɗin daidai ƙasan fuskar ruwa kaɗan, da ruwa ya sauka ramin ya sha iska zuƙar ta katse. Falamba ya kawo shawarar bawul mai hana komawa baya, na ƙi, ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan dodon koɗi ya maƙale a ciki shi kenan ya daina rufewa kuma ba za ka sani ba sai ranar.

Na zare soket ina tsugune da tocila. Ruwan sama ya sauka santimita 3 ya tsaya, na ƙasa ya hau kusan 7, saura wajen 5 ya kai baki. Nan take na ɗauko maka na ja layi biyu a gilashin ɗakin inji, na sama kada a wuce shi in ana ƙara ruwa, na ƙasa kada a bari ya sauka ƙasa da shi.

Sai na juya gwajin, na rufe bawul ɗin fayif na farko gaba ɗaya, ruwa ya hau ya faɗa na biyu ya wuce lafiya. Ƙarar sa ce dai, sai ka ce mutum na kurkure baki a tsakiyar falo, amma hakan ma na so, in na ji ta daga ɗaki na san wani abu ya toshe.

Injin an rubuta lita 4000 a awa a kwalinsa. Wannan in ba ya hawa ko'ina kenan. Na tara jarka mai lita 25 a bakin fayif ɗin sama ta cika a daƙiƙa 35, ya kama wajen lita 2,500 a awa, ruwan tankin na zagayawa sau huɗu kenan a awa. Ya ishe ni.

31 ga Oktoba

Kowa a Arewa ya san abin da ya faru, sama da mako guda ba wuta daga Kano har Kaduna har su Bauchi da Gombe. Allah ya taimake ni ba kifi a ciki tukuna, na dai riga na fara kiwon bakteriya da abincin kifi da nake zubawa yana ruɓewa. Janareta awa biyu uku da dare ba zai riƙe su ba ga tsadar fetur. Ruwan ya yi fari-fari yana wani ɗan wari, na zubar na wanke yashi.

Amma abin ya yi min amfani ta wani gefen, yanzu na san ba zan sa rai ko ɗaya a tankin nan ba sai inji ya samu wutarsa ta kansa.

9 ga Nuwamba

An haɗa inbata da batir ɗaya mai 200Ah da fanel biyu a rufi. Lissafin mai sauƙi ne, batir 12V sau 200 wat 2,400 kenan na awa guda, irin wannan batirin kuma ba a son ka sha fiye da rabinsa in kana son ya yi ƙarko, saura 1,200. Injin ruwa na cin wajen 35, injin iska 5, duka 40, ko ka cire abin da inbata ke ci da kansa zai kwana ya wuni ba rana. Fitila da hita ban sa su a layin ba. Na kuma roƙi mutanen gida don Allah kada a mayar da soket ɗin wurin cajin waya da dutsen guga, uwargida ta ce “to Alhaji, kifi na da sola mu muna fifita da mafici”, maganar gaskiya ban da amsa, an dai yi sulhu a kan fanka ɗaya.

Na sake farawa. Wani abokina mai ƙaramin tanki da ya shekara yana aiki ya yanko min rabin tsohon sosonsa, na kawo shi cikin leda da ruwansa na tura ɗakin tsakiya. Baƙi ƙirin da dauɗa amma ya fi duk wata kwalba da za a sayar maka. Wani ya ce in ɗebo ruwan kududdufin masu tarwaɗa, a'a, su canjin ruwa suke yi akai-akai ba tacewa ba, kuma cuta za ka kwaso a banza.

Ga wanda bai sani ba, kifi na fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, guba ce. Wasu bakteriya su mayar da ita naitirayit, ita ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar oksijin. Wasu kuma daban su mayar da naitirayit zuwa naitiret, ita ce mai sauƙin, da canjin ruwa ake rage ta. Kafin rukunin biyun su yi yawa a kan ɗauki mako huɗu zuwa shida, kuma ba gajeriyar hanya sai tsohon soso.

23 ga Nuwamba

Kayan gwajin ruwa na kamfanin API nake amfani da shi, mai kwalabe da 'yan bututun gilashi. Amoniya da ta yi kore makon jiya yanzu ta dawo ruwan ɗorawa, sifili kenan. Naitirayit kuwa tun kafin in girgiza ɗigon ya zama shuɗi mai duhu ya koma ruwan shanshanbale, ta wuce ƙarshen katin. Yara na ta tambaya Baba yaushe kifi zai zo, ruwa garau a ido amma da na sa kifi yau da gobe na kwashe gawa.

Na lura pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, na sauka a hankali, dama aikin bakteriyan nan na cinye sinadarin da ke riƙe pH, in ya faɗi ƙasa da 6 su ma sai su yi sanyi. Na je wajen masu haɗa abincin kaji na sayo farin dutsen nan da ake sa wa kaji masu ƙwai, na wanke na ɗaure a tsohuwar safa na jefa ɗakin tsakiya.

8 ga Disamba

Amoniya sifili, naitirayit sifili, naitiret ta fito ruwan lemo. Na canza rabin ruwa na sa ƙurungu huɗu da suka yi makonni a wani baho daban ina kallonsu, don kifin rafi kan zo da ƙwari a jiki. Gartsa sai nan gaba, ba a zuba kifi gaba ɗaya, bakteriyan daidai abincin da suka saba samu suke.

27 ga Disamba

Hunturu ya shigo da abubuwa uku kuma duk a tankin ƙasa suke bayyana.

Sanyi tukuna. Da asuba falon kan sauka ƙasa da digiri 20, su kuma kifin nan 25 zuwa 28 suke so. Na sa hita mai wat 300 amma a layin wutar gari, batir ba zai iya da ita ba ko na awa huɗu. Abin da ke cetona yawan ruwan, lita ɗari bakwai ba ta hucewa da wuri, da dare ina jingina farin soso a baya da gefuna in rufe sama, ko an kwana ba wuta digiri biyu kawai yake sauka. Hitar a ɗakin tsakiya take a kwance, ba ɗakin inji ba, saboda ɗakin tsakiya ruwansa ba ya raguwa, hita kuwa in ta fito iska tana kunne fashewa take.

Sai ƙafewar ruwa. Iskar a bushe take, kullum lita huɗu biyar na tafiya, kuma a tankin sama ba za ka ga komai ba, ɗakin inji ne kaɗai ke sauka. Kwana uku ka manta sai ka ji inji na zuƙar iska yana feso kumfa. Layin makan nan yanzu shi nake fara dubawa in na dawo masallaci da safe. Kuma ƙarin ruwa ba canjin ruwa ba ne, abin da ya ƙafe ruwa ne zalla, dattin na nan ya ma ƙara kauri.

Ƙura kuma ba a magana. Tana kwanciya a fuskar ruwa, magudana ta share ta, audugar da na sa fara tas kwana biyu ta koma ja. Audugar ba na wanke ta, jefarwa nake in yanka sabuwa, irin ta cikin filo ce ta roba da ake sayarwa a kilo, araha.

Gartsa uku sun shiga makon jiya. Na toshe duk wata kafa a murfi na sa raga a bakin magudana, kifin nan ɗan fasa gidan yari ne, in akwai ramin da kansa zai shiga to da safe a ƙasan kujera za ka same shi.

18 ga Janairu, 2025

Wankin soso na farko. Na ɗebi ruwan tankin a bokiti na matse soson ɗakin farko a ciki har sau uku, ruwan ya yi baƙi. Ba a kai shi bakin famfo, in ruwan gwamnati ne kulorin zai kashe bakteriyan, ba sabulu, ba ruwan zafi, ba shanya a rana. Ɗakin tsakiya ban taɓa shi ba, in lokacinsa ya yi ma kashi ɗaya cikin uku zan girgiza in bar saura. Laka da ta kwanta a ƙasan tankin na zuƙe da tiyo, duk na juye wa zogale.

15 ga Fabrairu

Naitiret ce ta tsaya min a 40 a katin gwaji ta ƙi sauka duk da canjin ruwa duk mako. Abu na farko, kwalba ta biyu ta gwajin naitiret sai an girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30, bututun kuma minti ɗaya, a jira minti biyar, in ba haka ba ƙarya za ta yi maka ta nuna ƙasa. Na yi duk wannan. Sai na ce bari in gwada ruwan bohol ɗin kansa kafin ya shiga tanki, ai kuwa shi ma da tasa, wajen 10. Unguwa ce mai cunkoso kowane gida da shaddarsa, ba abin mamaki ba ne, amma ya sa na fara tunanin ruwan da muke sha ma.

Yanzu durom mai lita 200 nake cikawa tun dare in jefa dutsen iska ya kwana, don ruwan bohol in ya fito ba iska sosai a cikinsa kuma pH ɗinsa kan canza in ya sha iska, ga shi zafinsa ya daidaita da na ɗaki. Da safe in zuƙe 200 daga tanki ina bin yashi da tiyo, in mayar da sabo. Na kuma yanko furen nan mai yaɗo da ake sawa a kwalba a ofisoshi, mai ganye kore da ɗigon rawaya, na tsoma saiwarsa a ɗakin inji ganyen a waje da 'yar fitila. Yana shan naitiret, ba zai hana ka canjin ruwa ba dai. Abinci ma na rage, gartsa babba ba sai ya ci kullum ba, roƙo ne kawai ya iya.

22 ga Maris

Azumi ga zafi. Ruwa ya kai 31 da la'asar. Ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi, kuma amoniya ta fi cutarwa in zafi ya hau, wato lokacin da kifi ke buƙatar filta sosai shi ne lokacin da ita ma take haki. Gartsa ba ruwansa, huhu gare shi, ya taso ya kurɓi iska ya koma. Ƙurungu ne na ga suna saurin numfashi sun taru wajen da ruwa ke shigowa.

Na cire hita na ajiye, na ƙara dutsen iska biyu a ɗakin tsakiya, na buɗe ƙofofin teburin na saita 'yar fanka tana hura fuskar ruwan tankin ƙasa. Da yake iskar Kano a bushe take abin na aiki sosai, ya sauko 28 da rabi, sai dai ƙafewa ta ninka. Ƙanƙara kada ma ka fara, lita ɗari bakwai ce, kuma a watan nan wa zai ba kifi ƙanƙara. Duk wani aikin tanki na mayar da shi bayan asham.

12 ga Afrilu

Na ga ruwan da ke fitowa sama ya yi laushi kuma sai na yi ta rage bawul don fayif na farko ya daina gurnani. Na ɗauko jarkar gwaji, daƙiƙa 48 maimakon 35. Na kwance yuniyon na fito da inji, farfelar ciki ta yi kauri da yauƙi da wani farin ɓawo, har da zaren auduga ya naɗe a sandar. Na jiƙa a binega na goge da tsohon buroshin haƙori na ɗauraye sosai, fayif ɗin hawa kuma na zura masa igiya da tsumma na ja. Ya dawo 37. Ɗan ramin katse zuƙa ma ya fara toshewa da gansakuka, na zura tsinken sakace, sannan na sake zare soket na tsaya har ruwan ya tsaya a inda ya saba.

Amoniya sifili, naitirayit sifili, naitiret tsakanin 20 da 30. Saura inji na biyu da zan ajiye a kwali saboda in wannan ya mutu ba a samunsa a Kano rana ɗaya sai an aiko daga Legas, da ƙwallon tanki irin na banɗaki da zan sa a ɗakin inji ya riƙa ƙara ruwa da kansa daga jarka. Kafin damina kuma zan ƙara fanel ɗaya, in hadari ya rufe kwana biyu batirin nan ba ya cika.